Turi Ba Gyara Ba Ne

 

Yau maganar tsohuwar mota za mu yi, Peugeot 504, Fijo tamu ta gado, musamman bashe mai buɗaɗɗen baya wadda har yanzu ake gani jefi-jefi ta ɗauko buhunan shinkafa daga bakin kogi, ko rake, ko gishirin Foga. Sun ragu, na sani, Hiace da babura sun cinye musu kasuwa. Amma waɗanda suka saura ba don kwalliya ake riƙe da su ba. Su ke ciyar da gidaje, kuma akwai ƙauyukan da in dare ya raba, ƙofar mai Fijo kaɗai ake da ita ta bugawa. Kusan dukansu kuma ciwonsu guda ne: da safe ba su tashi sai an tura.

Mun saba da abin har ya zame muna al'ada. Direba ya san inda zai aje motarshi da dare, bisa 'yar gangara, hanci ƙasa. Yaran unguwa sun san aikinsu kafin su wuce lakkwal. Ni ma na yi shekaru cikin rundunar masu tura bashe ɗin kawuna. In ka tambayi mai motar, amsa guda ce daga nan har Doso: "Wallahi injinta garau yake, turi kaɗan take so." To wagga magana ce nake so mu zauna a kanta. Motar da ke son turi mota ce mai ciwo, kuma sau da yawa ciwon bai kai kuɗin tiya biyu ta shinkafa ba. Turin ne ke ɓoye shi, har ranar da ba za a iya turawa ba.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan autar waɗanda ke hannunmu ta kai wajen shekara ashirin, manyan kuwa sun girme ni. Abin da ya kawo su yanzu shi ne babu kwamfuta a cikinsu. Duk abin da ke tada injin, ido na ganinshi, hannu na taɓa shi. Mai esans nake magana fa, mai gazuwal lissafinta daban ne, sai wata rana.

Injin esans abu uku yake bukata kafin ya tashi: wuta, mai, da matsi cikin silinda. Kafin su ukun kuma sai an samu abin da zai juya shi da ƙarfi. Ni ba bakanike ba ne, aikina magana da sauraro. Abin da na sani na tsince shi a garejin wani dattijo a Gaya inda kawu ke kai motarshi. Lokacin ina kwaleji, can nake zama ranar tafiya gida ina jiran kawu ya kwashe ni. Shi Baba, kafin ya taɓa kile, sai ya ce ma direba: "Murɗa in ji." Ya tsaya ya karkata kai kamar mai neman tasha a rediyo. Daga sautin nan yake raba ciwon gida-gida.

Sauti na farko shi ne shiru, ko kuwa "tak" guda sannan shiru. Nan mutane ke saurin cewa batir ya mutu, a je a ci bashi a sayi sabo. Dakata tukuna. Kunna manyan fitilu, ka sa yaro ya tsaya gefe yana kallonsu, ka murɗa makulli. In fitilun sun dushe ko sun mutu gaba ɗaya, wuta ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko kawunanshi sun yi datti, ko wayar mas, wato mai kaurin nan da ke haɗa batir da jikin mota da inji, ta ci tsatsa. In kuwa fitilun na nan da haskensu ko ƙiftawa ba su yi ba, batir ba shi da laifi, ka nemi demarar, wanda 'yan Kamba ke ce ma kik, ko wayar da ke zuwa mishi daga makulli. Masu ƙwanƙwasa demarar da ƙarfe ya tashi, ku sani gawayin da ke cikinshi ne ya cinye. Bugun zai yi aiki sau goma, na sha ɗaya ya ƙi.

Sauti na biyu shi ne na motar turi: inji na juyawa amma da nauyi, "wuu... wuu... wuu", kamar tsoho na jan guga. Ga abin da ke faruwa a ciki. Demarar mayunwaci ne, yana jan wutar da ta haura amfiya 100 lokaci guda. In batir ya raunana ko hanyar wutar ta toshe da datti, sai demarar ya kwashe ɗan abin da ke akwai, ya bar bobin da ƙishi. Inji na juyawa, amma tartsatsin da zai kunna mai ya yi rauni. Da sanyin hunturu abin ya fi tsanani, don batir na rage ƙarfi, baƙin mai kuma ya yi kauri. Da an tura kuwa, demarar na zaune bai ci komai ba, duk wutar ta tafi ga bobin, inji ya juya da sauri, sai ka ji ta kama nan take. Saboda haka motar da ke tashi da turin taku biyar ta riga ta faɗa maka inda ciwonta yake: tsakanin batir, wayoyi masu kauri da demarar. Ba sai an kwance karbiratar ba.

Bari in faɗi abin da ya sa ba ni ɗaukar wannan magana da wasa. Wata damina, cikin watan Agusta, ina gida hutu, wajen ƙarfe biyun dare anka bugo ƙofar kawu. Matar maƙwabcinmu ce ke naƙuda tun la'asar, abin ya ƙi, ungozoma ta ce a kai ta Gaya. Ruwa ake yi tun magariba. Kawu ya murɗa makulli, "wuu... wuu", shiru. Munka fito mu shida, har da mijin, munka sa kafaɗa. Amma gangarar da ke tada ta kullum ta koma laka. Duk sa'ad da kawu ya saki ambirayaj, sai tayoyin baya su ja ƙasa kawai, su ƙi juya inji, don bashe in ba kaya bayanta ba nauyi. Munka ɗora mutum biyu baya, masu turi sunka ragu. Mun fi awa guda muna wanga fama, matar na kwance bisa tabarma a zaure, muna jin ta. Daga baya anka ɗaura amalanken shanu anka kai ta garin da ke gaba, inda anka samu wata mota. Sun isa likita gari na wayewa. Uwar ta tashi. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba. Rai na Allah ne, kuma ba wanda ya taɓa ɗora ma kawu laifi, mijin ma shi ya zo yana ba shi haƙuri. Amma kawu ya yi kwana uku bai fita tasha ba.

Da ƙasa ta bushe munka tura ta, ta tashi kamar ba ita ba, munka wuce da ita Gaya. Baba ya ce a murɗa, ya saurara, ya sa hannu inda wayar mas ta haɗu da jikin mota, ya janye da sauri don wurin ya yi zafi. Ya kwance notin. Ƙarƙashinshi tsatsa ce da wani farin gari. Ya kankare da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya wanke kawunan batir, ya ɗaure tamau, ya shafa giris. Bai kai minti ashirin ba. Murɗa guda ta tashi. Kawu ya ce: "Maigida, nawa ne?" Ya ce: "Ƙanena, mi na saka da za ka biya? Shekara nawa kana tura ta?" Kawu ya ce biyu. Baba bai ƙara cewa komai ba.

Na daɗe ina tunanin shekara biyun nan. Kawu ba malalaci ba ne, tsoro ne ya hana shi zuwa gareji, kuma tsoron da dalilinshi. Direba ya sha ganin ɗan'uwanshi ya kai mota don ƙaramin abu, an watse mishi inji bisa buhu, an ce sai an aika Sakkwato, sati biyu ba shiga ba fita, ga iyali na jiran cefane. Turi kuwa kyauta ne, iyakarshi alewar yara. Na fahimci wannan lissafi. Sai dai in kai da kanka ka san sautin motarka, za ka shiga gareji kana cewa a duba maka mas da kawunan batir, ba kana cewa "ga ta nan, ta ƙi tashi" ba. Tsakanin maganganun nan biyu akwai jikkuna masu yawa.

Zafin nan da Baba ya taɓa, kowa na iya duba shi: bayan an murɗa, duk mahaɗar da ta yi zafi, nan wuta ke maƙalewa. Farin garin kan batir kuwa, ruwan ɗumi da 'yar kanwa na wanke shi, sai dai kar ko ɗigo ya shiga cikin batir ɗin. Kuma don Allah a daina ƙara ma batir ruwan rijiya. Ruwanmu na wannan kwari gishiri gare shi, kashe batir yake, ruwan batir na kwalba ake sawa. Masu gyaran sola duk suna da ɗan agogon awon wuta, roƙi ɗaya ya auna maka. Batir mai lafiya da ya kwana yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma ya hau wajen 14. In bai hau ba, alternatar ba ya caji, ko bel ɗinshi ya saki, kuma ko sabon batir ka saka, sati guda za ka koma ga yaran unguwa.

Sauti na uku: inji na juyawa da sauri, garau, amma bai kama ba. Nan fara da wuta kafin mai, don ita dubawarta minti biyu ne. Fitar da giya, ja birkin hannu. Zare wayar tsakiya daga kan delko, wadda ta fito daga bobin, ka riƙe ta da busasshen icce ko filaya mai roba, bakinta kusa da ƙarfen inji kamar kaurin fensir, nesa da karbiratar. A murɗa. In ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle yana "tas-tas-tas", bobin da abin da ke bayanta lafiya. In ja ne ko rawaya mai laushi, ko babu sam, to buɗe delko. Af, sunan nan delko da muka gada daga Faransawa, asalinshi sunan wani kamfani ne na garin Dayton a Amurka, inda Charles Kettering ya ƙirƙiro wannan tsarin kunna inji wajen 1910. Dabarar da ke cikin bashe ɗinka ta haura shekara ɗari.

Batir bolt 12 gare shi, buji kuwa, wato filogi, sai da dubbai kafin wuta ta tsallaka bakinta. Bobin ke wannan ninkawa, kuma ba ta yin ta sai a daidai lokacin da aka katse mata wuta. Mai katsewar shi ne bis-filatine, 'yan ƙarafa biyu masu kai kamar ƙwayar dawa da ke buɗewa suna rufewa cikin delko, sau huɗu duk zagaye guda na sandar tsakiya. Buɗewarsu a 504 milimita 0.40 ce, kusan kaurin kwalin ashana. 'Yar dunduniyar da ke gogar sandar tana cinyewa a hankali, ƙurar hunturu na taya ta, sai tazarar ta yi ta raguwa har ta kusa rufewa. Mota ta fara nauyin tashi, ta rasa ƙarfi a hawa, wata safiya ta ƙi sam. Gyaran ba wuya: a goge fuskokin, a mayar da tazarar, a ɗan shafa giris kamar kan ashana bisa sandar. Amma duk wanda ya taɓa tazarar ya taɓa lokacin wuta, sai an sake daidaita delko da 'yar fitilar gwaji. Masu murɗa delko da ka, suna neman inda inji ya fi ƙara, su ke bar maka motar da wuta ke riga fistan isowa. Da safe sai inji ya riƙa turjewa yana harbin demarar, ka rantse batir ne ya mutu.

Nan ina da roƙo ga masoyanmu direbobi. Mun gode da saurare, Allah ya bar zumunci. Amma wanda ke kashe inji ya bar makulli a kunne don ya ji labarai ko gaishe-gaishe, in bis-filatine ya tsaya a rufe, wuta na bi ta cikinshi ba hutu, bobin na dahuwa, fuskokin na ƙonewa, batir na tsiyayewa. In makullinka na da matsayin da ke ba rediyo wuta ita kaɗai, tsaya nan. In babu, saurare mu a salula.

Maƙale jikin delko akwai ɗan gwangwani kamar guntun yatsa, kondansatar. Aikinshi ya shanye wutar da ke son tsalle tsakanin fuskokin bis-filatine lokacin da suka rabu. In ya lalace za ka ga fuskokin sun yi baƙi, gefe guda rami gefe guda tsiro, kuma sabon da ka saka ba ya yin wata guda. Mugun halinshi shi ne yakan yi aiki da sanyi ya ƙi da zafi. Mota ta mutu a hanyar Kamba, ka zauna gindin icce rabin awa, ta tashi kamar ba a yi ba. Bobin mai shirin mutuwa ma haka take yi, ita in ka taɓa ta za ka ji ta fi ƙarfin hannu. Baba ba ya yar da tsohon kondansatar mai aiki. Yakan ce cikin sababbin da ke zuwa a kwali mai ƙyalli akwai waɗanda ba su kama ƙafar tsohon na Ducellier da ya shekara talatin ba.

Kayan gyara kuwa ba kamar da ba. Daga Kamba, Birnin Kebbi da Kaduna suke zo muna, ko daga Kwatano ta Malanbil, kuma tun da aka rufe gada a 2023 duk abin da ya hau kwale-kwale sai ya sauka da ƙarin kuɗi. Wanda ke sayen bobin yau, buji gobe, batir jibi don gwaji, abincin ɗiyanshi yake ƙonawa. In za ka aika saye ƙetare ma, ka kula da bakinka. A wajenmu kwantak makulli ne, a Kamba in ka ce kwantak, bis-filatine za a miƙo maka. Mu sitata shi ne abin jan nan na sanyin safiya, su cok suke ce mishi, sitata kuma a wajensu demarar ne. Mafi sauƙi ka kwance tsohon ka ba ɗan aike ya tafi da shi. Bobin musamman, don akwai wadda ke aiki da rezistans a gabanta, akwai wadda ba ta so, in an musanya su ko bis-filatine ya ƙone ko wuta ta yi rauni.

In wuta na fitowa shuɗiya daga bobin amma mota ta ƙi, to ta ɓace ne tsakanin delko da buji. Nan ne ƙasarmu ke shigowa. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwa a Nijar, ga kogi ga fadamu, raɓa na sauka da nauyi. Buɗe murfin delko da safe cikin damina, sau da yawa za ka tarar da gumi a ciki. Wuta kuwa malalaciya ce, hanya mafi kusa take bi, in ta samu laima sai ta bi ta, ta fasa zuwa buji. Busasshen tsumma ya isa. Duba kuma ko akwai tsaga ko wani siririn baƙin layi kamar na fensir, in akwai murfin ya gama aiki. Duba ɗan gawayin tsakiya mai sifirin ko yana nan. Buji a 504 suna can cikin ramuka masu zurfi a kan inji. Masu wankin mota bakin kogi su sheƙa mata bokiti, ruwa ya kwanta a ramukan, sai ka ji ana cewa mutanen ruwa sun kama ta.

Ciro buji ka karanta ta. In ruwan ƙasa ce, lafiya. Baƙa busasshiya kamar gindin tukunya, esans ya yi yawa. Jiƙe da baƙin mai, inji ne ya fara tsufa. Tazarar bakinta milimita 0.6. Wayoyin kuma kar a zare su duka lokaci guda. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, amma a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta can baya, wajen ambirayaj, ba ta gaba wajen fanka ba. Yaran da suka koyi aiki bisa Toyota daga gaba suke ƙirga, su jera wayoyi daidai a ganinsu, mota ta yi ta harbi kamar bindigar farauta, ba ta tashi.

Sai mai. Inji a kashe, cire tukunyar iska daga kan karbiratar, ka leƙa, ka ja totur da hannu. In ka ga siririn esans ya tsarto, akwai mai a ciki. In babu, ko famfon mai ya gaji, fatar da ke cikinshi ta tsage, ko filta ta toshe, ko tiyo ya tsufa yana shan iska, man ya koma tanki cikin dare. Galan ɗin da ake ratayawa bisa mota da tiyo har karbiratar, shi ma ɗan'uwan turi ne, kuma shi gobara yake jira. Haka masu tsiyaya esans a bakin karbiratar abokinsu na murɗa makulli: in inji ya yi tari ta sama, fuskar mai tsiyayar ce a wurin.

Maganar man kwalba ba zan ja ta ba. 'Yan ruwa-ruwa 'yan'uwanmu ne, tare muka tashi, kuma ko bayan Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba su bar bakin hanya ba. Amma man da ya bi jarka uku kafin ya iso kwalba yakan kwaso ruwa da ƙasa. Ɗaga kwalbar ga rana kafin a zuba. Ruwa ya fi esans nauyi, za ka gan shi kwance a gindi. A tace da tsumma mai tsabta. A cikin karbiratar ma gindi yake kwanciya, daidai inda ake shan man, shi ya sa cokali guda ya isa ya hana ka zuwa kasuwa.

Akwai kuma ƙoshi. Da sanyin Janairu ja sitata, taka totur sau ɗaya ko biyu, murɗa. Wanda ya yi ta taka totur kamar tela bisa keke zai shaƙe ta, ka ji warin esans ya cika wuri. In haka ta faru mayar da sitata ciki, taka totur har ƙasa ka riƙe ba sakewa, ka murɗa, iska ta share. Kar murɗawa ta wuce daƙiƙa goma, a huta rabin minti. Cikin zafin Afrilu kuma, in ka tsaya shan ruwa minti goma ta ƙi tashi, man ne ya tafasa cikin karbiratar. Wannan ma totur a ƙasa, ba sitata.

In wuta shuɗiya ce, a kan lokaci, mai na zuwa, inji kuma na juyawa da sauƙi fiye da kima, "fyu-fyu-fyu" kamar ba komai cikinshi, to matsi ne ya tafi. Kafin a yanke hukuncin sauke inji a duba tazarar bawul, inji na sanyi: 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa, matsi na zurarewa. In ba shi ba ne, ringi ne, kuma ƙurar da ta bi ta tukunyar iskar da ba a wankewa tana da hannu a ciki. Wannan ne ke cin kuɗi na gaske, shi ya sa shi ake zargi a ƙarshe.

Wasu yanzu suna cire delko mai bis-filatine su saka na lantarki irin na 505 ta baya-baya, mai ɗan akwati maimakon ƙarafan nan biyu. Gaskiya tashin safe ya fi daɗi da shi, ba tazara ba gogewa. Ni dai a ganina, motar da ke kwana a Gaya kusa da kanti, a saka mata. Wadda ke shiga Gatawani da Dole cikin damina kuwa ina jin tsoro, don ranar da akwatin zai mutu ba ya gargaɗi, kuma babu kwalin ashanar da zai tashe shi. Na kai ma Baba wannan magana kwanan baya. Ya tsufa yanzu, yaran garejin duk sun koma gyaran babur, shi kaɗai ke taɓa Fijo. Ya ce: "Ɗana, su saka abinsu. Amma ka faɗa musu ga rediyo kar su saida tsohon. A yi mishi alama da fenti inda yake zaune, a naɗe shi cikin tsumma da kondansatar ɗinshi da bobin ɗinshi, a sa ƙarƙashin kujera. Noti guda ne ke riƙe da shi." To, ga shi na faɗa.